Hannun da Bai Buga Tabarma Ba

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga abokina ɗan kwana-kwana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwoyin nan nawa biyu da har yanzu suke yajin aiki. Matarka tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka tun da ka tafi barikin sojan nan ko leƙo ta ba ka yi ba, in ka yi sake za ta koma wa tsohon mijinta. Na ce mata tsohon mijin yana nan a kujerar bakin taga, ba inda za shi.

Kada ka ce don me ban kira ka ba. Ku an karɓe muku waya a bakin ƙofar bariki, ni kuma kunnena ya daina jin muryar cikin waya. Ban da haka ma, wanda ya koyi riƙe alƙalami a makarantar manya yana da shekara sittin da ɗaya ba ya ajiye shi saboda wani ƙarfe.

To ga abin da ya sa na kasa zama. Jiya gwaggonka ta hawo benen nan tana haki, ta ce, "Baba, ga jikanka a shafin bariki na intanet!" Ta sa an wanko mini hoton babba. Wallahi sai da na sa ta goge mini tabarau sau biyu. Ga ka nan kwance a kan tabarmar roba a gaban jar motarku, wani ƙato mai kunne kamar an tauna ya danne maka ƙirji yana fama da hannunka, kai kuwa haƙoranka duk a waje, dariya kake yi masa! An rubuta a ƙasa wai 'yan damben zamani ne, masu haɗa dambe da kokawa a cikin keji, suka kai muku ziyara. Ni da kaina na karanta, ba wanda ya taya ni.

Ka rubuto mini komai, kada ka tsallake ko tari.

Mai aski ya zo jiya shi da Direba maƙwabcinmu. Sun sake cewa in bari su saukar da ni a kan kujera in ga titi. Wata goma sha ɗaya ke nan ban taka ƙasa ba, matakala arba'in da biyu ce tsakanina da ƙofar gida. Na ce musu ni ba buhun gawayi ba ne. Ina da jika wanda aikinsa ke nan, sauko da mutane daga bene. Ya yi mini alkawari, a kafaɗarsa zan sauka.

Naka abokin gaba,
Kakanka

*

Asabar, 15 ga wata

Zuwa ga Tsoho,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarka, na yi murna da jin kuna lafiya. Ka ce wa matata ta ƙara haƙuri, an rufe hutu har wata uku saboda jiragen da ake kawowa. Ba shiga ba fita. Daga ɗakin kwananmu zuwa garejin mota taku ashirin ne, daga gareji zuwa shingen waya taku ɗari biyu. Na ƙirga har na gaji. Kullum muna wanke motar da ba ta yi datti ba, muna naɗe mesar da ba a warware ba, muna jiran ƙararrawa.

Shi ya sa ranar da baƙin nan suka zo tashar ta zama kamar kasuwa. Su huɗu ne da mai horar da su. Da safe suka shimfiɗa tabarma, sai ƙaton da ka gani a hoton, mun sa masa suna Mai Kunne, ya ce kafin ya koya mana komai sai ya koya mana abu ɗaya. Ya ce a wasansu, in an kama ka kamun da ba za ka iya fita ba, sai ka buga tabarma da tafin hannu sau uku, nan take a sake ka. Ya ce, "Wanda ya buga, gobe zai dawo. Wanda ya ƙi, likita zai gani." Muka yi ta dariya.

Oga ya ce wa zai fito. Gajere, abokin da muke shiga wuta tare, ya tura ni gaba. Mai Kunne ya kayar da ni kafin in ce kwabo, ya danne ni, ya fara murɗa hannuna na dama a hankali yana cewa, "Buga. Buga mana, ɗan'uwa." Ga mai hoto a kaina, ga sojoji sun kewaye mu suna ihu. Ni dai ban buga ba. Shi ne ya sake ni da kansa.

Da rana kuma muka rama. Muka sa musu kayanmu, riga da hular kwano da tukunyar iska a baya da abin rufe fuska, muka shigar da su ɗakin hayaƙi. Wani dogon akwatin ƙarfe ne da muke atisaye a ciki, duhu ƙirin, sai da rarrafe. Ba mu yi nisa ba na ji ana buga ƙarfe, ɗaya, biyu, uku. Mai Kunne ne. Muka jawo shi waje, ya cire abin fuska yana haki yana dariya, ya ce, "Wannan kejin ya fi ƙarfina." A gaban kowa ya faɗa, ko a jikinsa.

Kafaɗar ta ɗan yi tsami, amma da sauƙi. Ƙarshen watan gobe za a yi mana gwajin shekara, a goya mutum-mutumi mai nauyin babban mutum a sauko da shi daga hasumiya. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Jikanka

*

Alhamis, 27 ga wata

Zuwa ga jarumi ɗan jarumai,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gwiwa tana nan yadda ka san ta.

"Ni dai ban buga ba." Abokina, na ja layi a ƙarƙashin wannan da jan biro! Na karanta wa matarka, na karanta wa gwaggonka, na karanta wa mai aski har ya tsaya da reza a hannu. Direba ya ce in sake maimaita wurin ɗakin hayaƙin, ya yi dariya har yana riƙe ciki. Ƙaton banza, ashe girman kabewa ne! Ka ga bambancin mai faɗan wasa da mai faɗa da wuta.

Gidanmu ba a san mu da cewa wayyo ba. Ni na yi shekara talatin ina dakon kaya a tashar mota, ranar da akwati ya faɗo mini a ƙafa ɗaure ta na yi da tsumma na ƙarasa lodin. Ubanka, Allah ya jiƙansa, haka yake. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

An sa wa hoton gilashi, yana bango daidai inda nake kallo daga kujera. Duk wanda ya hawo sai ya gaishe ka kafin ya gaishe ni.

Tsamin kafaɗa kuwa ai shi ne ladan namiji. Ga man zafi nan matarka ta saka a ambulan, ka shafa. Na ga rubutunka ya karkace wannan karon, layukan suna gangarowa kamar an zubo su. Ka canja biro. Malamarmu ta makarantar manya da ta gani da ta sa ka sake.

Mutum-mutumin nan ka ɗauke shi a matsayin ni ne. Ka yi atisaye da kyau, don na fi shi surutu.

Kakanka mai farin ciki

*

Lahadi, 28 ga wata mai bi

Abokina,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Kai fa?

Wata guda da kwana ɗaya ke nan ban ga amsarka ba. Kullum da hantsi ina bakin taga. Daga nan ina ganin rufin shagon mai gyaran fanka, da rabin titi, da kan mutane in sun wuce. Akwatin wasiƙu yana ƙasa bayan ƙofa, ba na ganinsa. Sai in jira gwaggonka ta dawo daga aiki, in saurari takunta. Na san takun mai wasiƙa a hannu da takun wadda ba ta da komai. Tun daga hawa na biyu nake ganewa.

Ta kira ofishin barikinku, suka ce kana bakin aiki, ba wani labari. Matarka ta ce in bar zargi. Amma mutumin da ba ya iya sauka ƙasa ba shi da aiki sai tunani.

Da na rasa sabuwar wasiƙa sai na koma wa tsohuwa. Ka san mu da muka yi karatu da girma, a hankali muke bi, da yatsa. Na farko murna ce ta sa na yi gudu. Wannan karon da yatsana ya kai "shi ne ya sake ni da kansa" sai ya tsaya. Me ya sa mutumin da faɗa ne sana'arsa zai saki wanda bai buga ba?

Na sa aka sauko mini da hoton, na ɗauko gilashin ƙara girma da matarka take zura zare da shi. Na duba fuskarka. Na san dariyarka tun ba ka da haƙori, in kana dariya idanunka rufewa suke yi. A hoton nan a buɗe suke. Na duba ɗaya hannun naka, na hagu. Yana sama da tabarma kaɗan, ka dunƙule shi har jijiya ta fito.

Ka rubuto mini gaskiya, ko layi biyu ne.

Kakanka

*

Talata, 7 ga wata

Kaka,

Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Ba biro ba ne.

Ka gani daidai. Ranar nan wani abu ya yi ƙara a kafaɗata, shi ma Mai Kunne ya ji, shi ya sa ya sake ni. Ya raɗa mini, "Je ka ga likita yau." Na ce ba komai. Tun daga ranar hannun ba ya ɗaguwa sama da ƙirjina. Gajere ne yake rataya mini tukunyar iska a bayan mota inda Oga ba ya gani. Shi ne yake ɗaure mini igiyar takalmi.

Na fara wasiƙa sau huɗu ina yagawa. Me zan rubuta wa mutumin da ya ja layi da jan biro?

An ɗaga gwajin zuwa ranar ashirin ga wannan watan, na ce Allah ya ba ni lokaci, wataƙila ta warke. Sai makon jiya ƙararrawa ta buga, wuta ta kama ɗakin ajiyar taya. Ba wuta mai girma ba ce. Ni ne a bayan Gajere, aikina in riƙe mesa in tokare shi, don in an buɗe ruwa tana harbi kamar jaki. Aka buɗe, hannun ya saki. Mesar ta kwashe Gajere ta buga shi da bango, hular kwanonsa ta tsage. Allah ya tsare, ƙeya ce kawai ta kumbura. Ya ce wa Oga santsi ne ya kwashe shi.

Da muka dawo ya same ni a wurin shanya mesa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ina da 'ya'ya biyu. Na rufa maka asiri har na kusa rufe idona. Kafin ranar gwaji ka je ɗakin likita da ƙafarka, ko in je da tawa."

Kaka, in na je za a sauke ni daga mota, kuma za a tambaye ni don me na ɓoye. Wanda aka sauke saboda kafaɗa ba kowa ne yake komawa ba. In ban je ba, wata rana zan kashe Gajere. Ɗakin likitan yana bayan gareji, taku sittin. Sau uku ina zuwa har bakin ƙofa. Da na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa sai in ga bangon ɗakinka, da mai aski, da Direba, da matakala arba'in da biyu da na ce zan sauko da kai. Sai in juya.

A ɗakin hayaƙi ko ba ka gani, in ka bi mesa za ta kai ka ƙofa. Nan ban san abin da zan bi ba.

Jikanka

*

Laraba, 15 ga wata

Jikana,

Assalamu alaikum. Yau wasiƙarka ta iso, yau nake amsawa. Na hana gwaggonka cire takalmi, tana tsaye a kaina, za ta kai wa masu saurin aike. Lafiyarmu ƙalau, bar wannan.

Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Ka san na shiga makarantar manya, ba ka san dalili ba. Shekara arba'in ina yawo da gidan tabarau wanda ba komai a ciki. In an miƙo mini takarda sai in shafa aljihu in ce na manta tabarau, a karanta mini. In an ce in sa hannu sai in ce yatsana ya fi biro gaskiya, in dangwala. Kowa ya ɗauka tsiya ce irin tawa.

Ranar da aka kwantar da ubanka a asibiti, likita ya ba ni kwalaben magani biyu da takarda, ya ce, "Baba, ka iya karatu ko?" Mutane cike da ɗakin. Na ce ƙwarai. Kwana biyu ina ba shi na safe da yamma, na yamma da safe, sai da wata ma'aikaciyar jinya ta lura. Sun ce ba wannan ne ya kashe shi ba, ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa. Na yarda da su da rana, ban da dare. Bayan wata uku na je na tsaya a gaban wata malama sa'ar gwaggonka, na ce mata, "'Yata, ban san ko harafi ɗaya ba." Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan maganar ba, kuma ban taɓa sauke kaya na ji daɗi irin na ranar ba.

Ƙafar da na ɗaure da tsumma na yi maka alfahari da ita, ita ce ta fara lalata gwiwar da ta zaunar da ni a nan. Wannan ma ban rubuta maka ba. Na ba ka rabin labari, ka ɗora shi a kafaɗa.

Mai Kunne da na zaga, ka nemar mini gafararsa in kun sake haɗuwa. Duk cikinmu shi ne mai hankali.

Na saki alkawarinka. Ka ji ko? Na sake shi. Ba kafaɗarka nake so ba, kai nake so, kuma 'ya'yan Gajere suna son ubansu.

Na sa matarka ta nemo mini tawada. Shekara goma sha biyu rabona da dangwala yatsa a takarda, na rantse ba zan ƙara ba. Duba ƙasan wasiƙar nan, ga su nan guda uku a jere. Ni na fara bugawa. Saura kai.

Kakanka

*

Juma'a, 24 ga wata

Kaka,

Wa alaikumus salam. Ina fata kuna lafiya. Gajere ne yake rubuta wannan ina faɗa masa, shi ya sa rubutun ya yi kyau. Ya ce in gaya maka ƙeyarsa ta sace.

Wasiƙarka ta zo ranar sha tara, ana gobe gwaji. Na karanta a bayan mota, na sa ta a aljihu, na yi taku sittin ɗin. Da hagu na ƙwanƙwasa.

Likita ya yi faɗa, Oga ya fi shi. An rubuta mini takardar gargaɗi, Gajere ma an ja masa kunne saboda ni. Hoton kafaɗa ya nuna jijiya ce ta yage, za a yi aiki ranar Litinin. An sauke ni daga mota. In na warke za a sa ni a teburin rediyo wata shida, sannan a duba. Na tambayi likita ko zan koma, ya ce ba zai yi mini alkawari ba. Ranar gwaji ina zaune a inuwa ina kallon wani ya goya mutum-mutumina. Ba zan ce maka bai yi mini ciwo ba. Amma daren nan na yi barcin da rabona da shi tun zuwan baƙin.

Bayan aikin za a ba ni hutun jinya mako uku, a gida. Zan iso ranar goma ga wata. Zan hawo arba'in da biyun nan da hannu a rataye, mu zauna bakin taga mu biyu muna kallon rufin mai gyaran fanka. Ka cire hoton nan kafin in zo.

Jikanka

*

Asabar, 2 ga wata

Zuwa ga abokina mai hannu ɗaya,

Assalamu alaikum! Alhamdu lillahi, gwaggonka ta kira asibiti, sun ce aiki ya yi kyau, har ka fara yi wa masu jinya gardama. Matarka ta ce ko da hannu ɗaya ta fi son ka a kaina. Na ce ta je, na yafe.

Hoto ba zan cire ba, bangona ne. Amma na kira mai aski da Direba na ba su gilashin zare, na ce su duba hannun hagun nan da kyau, na karanta musu gaskiyar magana. Direba ya ce shi ma shekara biyu ke nan idonsa ɗaya yana hazo bai gaya wa kowa ba. Ka ga abin da ka jawo.

Yanzu riƙe kujerarka. Ka lura da tambarin da ke kan ambulan ɗin nan ya karkace? Ni na manna shi, a kan teburin gidan waya, da hannuna.

Jiya na ce wa mutanen nan biyu, "Ku zo ku ɗauki buhun gawayinku." Suka ɗaure ni a kujerar da zanen gado. Mai aski a gaba, Direba a baya, matarka tana biye tana salati tana cewa a yi a hankali da kayan tarihi. A hawa na biyu suka buga gwiwata da bango, na ce wayyo da ƙarfi, har matar ƙasa ta leƙo. Ban mutu ba. Da suka ajiye ni a ƙofar gida na cire takalmi na taka ƙasa. Abokina, ashe an yi wa shagon mai fanka shuɗin fenti, ni rufi kawai nake gani! Ashe itacen da ke kwanar titi an sare shi tun bara! Na yi kuka, na ce hayaƙin mota ne, sannan na tuna mun daina wannan, na ce musu kuka nake yi. Daga nan suka kai ni har gidan waya, na manna wa ambulan tambari tun kafin in rubuta wasiƙar.

Saboda haka ranar goma kada ka wahalar da kanka da neman taga. In ka sauka daga mota ka duba bakin ƙofa. Za ka ga wani tsoho a ɗaure a kujera. Ka miƙo masa hagun, ta ishe shi.

Kakanka